Ciyawar Juji

Yaya ba ya zuwa shagon tabarau a banza. In ka ga ya turo ƙofar gilashin nan yana murmushi har kunne, to akwai kayan da yake neman wanda zai sauke wa. Shi ya sa da Ruda ta gan shi ba ta ko ɗago kai ba, ta ci gaba da ɗaure ɗan mitsitsin sukurun tabaran da ke hannunta.

Ya ja kujerar masu gwajin ido ya zauna, yana sosa tabon ƙunar da ke hannunsa na hagu. Tabon ya girme ta. Ya samo shi ne a gobarar da ta cinye gidansu na farko, wadda ta tafi da wata yarinya da Ruda ba ta tarar ba, kuma ba a maganarta a gidan. Duk sanda Yaya zai roƙi abu, sai ya sosa wurin.

"An yi mini canjin wurin aiki," in ji shi. "Nesa ne. Gidan da za su ba ni yana can saman bene, Baba ba zai iya hawa ba."

"Allah ya sa alheri."

"Ruda, kin san abin da nake nufi."

Ta sani sarai. Tun da mantuwa ta kama Baba yake zaune a gidan Yaya. Yanzu hanya biyu ce ta rage. Ko ta ɗauke shi zuwa gidanta, inda akwai ɗaki a rufe tun da ɗanta ya tafi jami'a, ko a kai shi gidan kula da tsofaffin nan na bayan gari, inda ake jera su gaban talabijin tun safe.

"Ka aika shi wurin ƙanwarmu Elegans mana," ta ce.

"Tana wata ƙasa, ɗaki ɗaya ita da miji da yara."

"To ka saɓa shi ka hau benen. Ai kai ne Nobilis. Ina ruwan ciyawar juji da riƙon manya?"

Yaya ya dafe kai. Ya san wannan waƙar, ya sha jin ta har ya haddace.

Baba malamin ilimin tsirrai ne har ya yi ritaya. Irin mutumin nan ne da in ka gaishe shi a hanya zai amsa maka yana kallon gindin katanga. Duk tsiron da Allah ya halitta yana da sunan Latin a bakinsa, guda biyu-biyu, kamar ɗan makaranta da sunan ubansa. Da a kan ganyaye ya tsaya, da babu mai ƙorafi. Sai ya bi 'ya'yansa ma ya laƙaba musu. Yaya ya zama Nobilis, wai mai daraja. Auta ta zama Elegans, wai mai kyan fasali. Ita kuwa ta tsakiya, Rudaralis. A gida aka gutsure sunan ya koma Ruda, a makaranta aka ƙara masa gishiri ya koma Ruɗaɗɗiya.

Tana sakandare ta gaji, ta shiga ɗakin karatu ta sauko da ƙaton ƙamus. Yatsanta ya bi layi har ya tsaya a kan kalmar. Bayanin bai fi taƙi ba: tsiron da ke fitowa a kan juji. Ta rufe littafin, ta mayar da shi inda yake. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambayi kowa komai ba. Daga ranar dai, in Baba ya kira cikakken sunan, sai ta zama kurma. Ya kira na 'yan watanni, ya ga babu amsa, ya daina. Shi ke nan zancen, uba da 'ya suka ɗinke bakinsu har ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara leƙo mata.

"Na ji," in ji Yaya. "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Asabar 'yan ƙungiyarsu za su fita duba tsirrai, ni kuma ina da haɗa kaya. Ki kai shi. In kun dawo ki ba ni amsa, ko wace iri ce zan karɓa."

Ta yi tsaki, ta ce ta ji. A ranta kuwa amsar a shirye take, Asabar kawai take jira.

Da safiyar Asabar ta iske Baba zaune a bakin gado, an sa masa riga ya ɓalle maɓallan ya sake sa su a karkace. Ɗakin na warin tsohuwar takarda. Daga ƙasa har kusa da silin jaridu ne a jere, an danne su da katako da bulo, kuma a tsakanin kowace jarida akwai busasshen tsiro kwance. Mutane na tara filaye, nata uban ya tara matattun ciyayi. A wuyansa akwai ɗan gilashin ƙara girman abu, rataye da igiyar takalmi.

"Ina kwana, Baba."

Ya dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Lafiya lau. Ke ce direban?"

"Ni ce."

Ta gyara masa maɓallan. Abin bai ko sosa mata rai ba, ko kuma haka ta gaya wa kanta. Mutumin da bai san ta ba yana da hankalinsa, don me zai san ta yanzu?

Ta zaci wani daji za su, ko bakin kogi, wurin da mutum zai ce ya sha iska. Ashe bayan tashar jirgin ƙasa ne, inda wata masana'antar katifa ta ƙone bara aka rushe abin da ya rage. Fili ne na fasasshen siminti da baƙin ƙarfe da ya lanƙwashe, sai ledoji da iska ta kwaso. Nan ne wai za a yi ilimi.

'Yan ƙungiyar sun riga su isa. Tsofaffi ne zalla, kowa da hular rana da takalmin roba, kowa da gilashinsa a wuya, sai ka ce an yi musu rabo. Shugabansu wani tsohon likitan dabbobi ne mai ƙaton ciki, wanda in ya sunkuya sai an taimaka masa ya miƙe, amma hakan bai hana shi sunkuyawa ba. Sai wata mata da suke kira Anti Mai Lema, sabuwar shiga, wadda ta haddace kalmomi kamar guda goma kuma ta rantse sai kowa ya ji su kafin azahar.

"Malam ya iso," in ji shugaban, suka taso suna gaishe shi da girmamawa. Baba bai san ko ɗayansu ba, amma ya amsa kamar wanda ya saba.

Aka fara. Ruda ta tsaya gefe, ta harɗe hannu, tana kallon manyan mutane masu jikoki sun durƙusa a kan tarkace suna gardama a kan abin da akuya za ta tsallake.

"Ku fara da kara," in ji shugaban. "Zagayayye ne ko mai kusurwa huɗu? Sannan ganye. Suna fuskantar juna ne biyu-biyu, ko kuwa ɗaya nan ɗaya can suke hawa?"

"Hirsuta," in ji Anti Mai Lema, tun ba a kai nan ba. "Mai gashi ke nan. In babu gashi kuma glabra, sumul." Ta saci kallon sanƙon shugaban, wasu suka yi dariya. Da alama wannan barkwancin ya zagayo kowace Asabar, kuma kowace Asabar sai an yi masa dariya.

Wai ganyen da ke da ɗan wuya tsakaninsa da kara daban, wanda ya zauna daɓas a jikin kara babu wuya daban, kowanne da sunansa. Wai bakin ganye ma akwai mai haƙoran zarto, akwai mai lanƙwasa, akwai lafiyayye. Ruda ta ce a ranta, da a ce rabin wannan kulawar aka ba mutane, da duniya ta zauna lafiya. Wani tsoho ya murza ganye ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce foetida cikin jin daɗi, wato mai wari. Don Allah dubi abin da ke faranta wa mutum rai.

Abin da ya ba ta haushi shi ne Baba. Mutumin da bai iya maɓallin rigarsa ba, bai san sunan unguwar da yake kwana ba, yana taka filin nan sai ya miƙe. Kafaɗunsa suka daidaita. Ya karɓi ganye daga hannun shugaban, ya juya bayansa, ya ce a'a, a sake dubawa, gashin nan a kwance yake ba a tsaye ba. Ya faɗi suna mai tsawo ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Duk abin da ke kansa ya zube, an bar masa Latin. Ita dai ba ta ga adalci a wannan ba.

Can ta lura yana ta kai gilashin ido yana saukewa, yana murza shi da gefen riga. Gilashin ya yi dusu-dusu da maiƙon hannu. Wannan kam aikinta ne, kuma ba ta iya ganin ana goge gilashi da riga ta yi shiru.

"Kawo nan, Baba. Kana ƙara karce shi ne."

Ta ciro ɗan ƙyallen shago daga jaka, ta hura, ta goge ciki da waje, ta ɗaga shi sama ta duba. Gilashi mai kyau ne, tsohon aiki, irin wanda ba a yi yanzu. Ta miƙa masa.

"Kin iya," in ji shi. "To zo ki gani. Ba a nesa ake riƙe shi ba, wannan kuskuren 'yan koyo ne. Ki manna shi da idonki, sai ki kawo ganyen kusa har ya fito."

Ta so ta ce masa sana'arta ke nan, ba ta buƙatar darasi. Amma ta manna, ta kawo ganyen. Sai ga gashi ya fito tar, kowane ɗaya da ɗan ƙullutu a kansa kamar allura mai kai, jijiyoyi sun rarrabu sun sake haɗuwa. Ta ɗan jima tana kallo kafin ta tuna ba ta da sha'awar abin, ta mayar masa.

Suka ci gaba har tsakiyar filin, inda wutar ta fi ci. Simintin wurin ya yi baƙi ya tsattsage. A cikin tsagar akwai wani ɗan tsiro, bai kai tsawon hannu ba, siriri, da 'yan furanni rawaya da ba su kai ƙwayar wake ba. Ba shi kaɗai ba ne, duk inda simintin ya buɗe baki irinsa sun leƙo. Baba ya tsaya. Ya durƙusa da kansa, babu wanda ya riƙe shi.

"Wa zai gaya mini," ya ce da muryar aji, "me ake kiran irin tsirran da ke fitowa a wuri kamar wannan?"

Ruda ta san amsar tun kafin a faɗe ta.

"Rudaralis," in ji Anti Mai Lema, lemarta har rawa take don murna. "Tsirran juji. Ciyawar bola ke nan, Malam."

To ga shi nan, a bainar jama'a, da rana tsaka. Ruda ta gyara tsayuwa tana jiran ya ce madalla.

"Juji?" in ji Baba. Fuskarsa ta canza. "Wa ya koya miki haka?"

"A littafi na gani, Malam."

"To littafin malalaci ne ya rubuta shi. Dubi nan da kyau. Kin ga juji? Juji ai taki ne, kowane ragon tsiro zai yi ƙiba a kansa. Asalin kalmar ɓaraguzai take nufi, abin da ya rage in gini ya faɗi." Ya buga simintin da tafin hannu. "Nan wuta ta ci. Ƙasar ta mutu, babu inuwa, babu danshi. Kawo itacen da kike ji da shi ki dasa a nan, ba zai kai mako ba. Waɗannan su ne ke fara zuwa. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya ba su ruwa. Su za su fasa simintin, su mutu su zama ƙasa, sannan sauran su samu wurin zama. In kin ga rudaralis a fili, to wurin ya fara warkewa ke nan."

Anti Mai Lema ta ce to, ta ja lemarta ta koma baya. Shugaban ya ce a ci gaba, akwai wani mai ƙaya a gindin katanga da ya kamata a gani. Suka ɗunguma suka bar Baba a durƙushe, da Ruda a tsaye a kansa.

Ya ɗago ya ga ita kaɗai ta rage, sai ya yi mata murmushin nan na baƙo.

"Ina da 'ya mai wannan sunan," ya ce.

Ruda ta ce, "Haka ne?"

"Gidanmu ya taɓa ƙonewa. Mun rasa yarinya a ciki." Ya faɗe shi a hankali, yana shafa ganyen da ɗan yatsa. "Uwarsu ta daina magana. Ni ma in na fita aiki ba na son komowa. Muna zaune a ɗakin aro kamar an jingine mu, ba mai kallon wani. Sai ga wannan ta zo, ba mu ma shirya mata ba. 'Yar ƙarama, sai ƙarar tsiya. Dole uwar ta tashi, dole ta yi magana, ko don ta ce a miƙo mata zane. Ranar da na ji ta tana yi wa jaririyar waƙa na ce, to, wurin ya fara warkewa." Ya yi 'yar dariya. "Sauran biyun na ba su sunaye ne don ado. Nata ne kawai na gaskiya."

Jirgin kaya ya wuce a bayansu, ya daɗe yana wucewa. Ta gode wa Allah da ƙararsa, don ba ta san me fuskarta ke yi ba.

"Ka taɓa gaya mata?" ta ce da ya wuce.

"Ba ta taɓa tambaya ba."

Haushi ya taso mata. Ji wata magana. Mutumin da zai tsare baƙo a titi ya yi masa bayanin gashin ganye har ƙafarsa ta yi tsami, shi ne yake jiran yarinya ta zo ta cike masa takardar neman bayani. Ya iya gyara wa Anti Mai Lema kuskure cikin minti ɗaya, amma 'yar cikinsa ya bar ta da nata har ta yi furfura. Sai dai haushin bai samu wurin zama ba, don ita ma ga ta nan. Mace mai gyara wa jama'a gani, ta ɗauki layi ɗaya na ƙamus ta rataya a wuya tun tana sakandare, ɗakinsa na kallon nata, ba ta taɓa taka ƙofar ta ce Baba me kake nufi ba. Taurin kan iri ɗaya ne, ba a waje ta samo shi ba.

"Ta daina amsawa," in ji Baba. "Na ce ko ta girma ne, sunan ya yi mata yarinta. Sai na bar ta. Ba a tilasta wa irinsu, su suke zaɓar inda za su tsaya."

Ta durƙusa a gabansa, simintin na cin gwiwarta. "Baba, ni ce. Ni ce Ruda."

Ya dube ta sosai, cikin ladabi, har da ɗan karkata kai. Ta ga yana nema, tsakaninsa da Allah yana nema. Bai samu ba.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Taimaka mini in tashi, ƙafar ta riƙe."

Ta ɗaga shi. Bai da nauyi ko kaɗan, wannan ma ba ta sani ba sai yau.

Da aka tashi, 'yan ƙungiyar suka rako su har mota. Anti Mai Lema ta matso tana ce mata ta riƙa zuwa, ai ta ga tana da hannu. Ruda ta ce za ta duba. Ta zaunar da Baba a gaba, ta ɗaura masa bel, ta gyara igiyar gilashin don kada ta shaƙe shi.

Yaya ya kira tun ba su fita daga layin tashar ba. Ta bar wayar ta yi ta ƙara a cikin jaka har ta gaji.

Baba ya manna goshi da taga yana kallon gefen titi. Yanzu da idonta ya buɗe sai ta ga abin ko'ina yake, a tsagar kwalta, a gindin turakun lantarki, a bakin kwata, wuraren da ta bi shekara da shekaru ba ta ga komai ba. Yana ta ambaton sunaye ƙasa-ƙasa, wannan da wancan, kamar mai gaishe da maƙwabta. Suka zo wani kango da aka rushe rabinsa, 'yan furanni rawaya sun rufe ɓaraguzan.

"Rudaralis," in ji Baba, da irin muryar da yake kiran ta daga ƙofar gida in ya dawo aiki.

"Na'am, Baba."

Ya juyo yana mamaki. "Ba da ke nake ba, direba."

"Na sani."

A mahaɗar gaba hanyar gidan Yaya ta yi dama. Ruda ta kunna sigina ta yi hagu, hanyar gidanta. Tana tuƙi tana lissafin inda za ta jera jaridun nan, don ɗakin ɗanta ba zai ɗauke su duka ba, sai dai a fitar da kabad.